Littafin aikin sola na gidanmu: abin da ta ci da abin da ta mayar

27 Oktoba, 2024

Kusan mako guda ke nan babu wutar gwamnati a Kano da mafi yawan jihohin Arewa. Kamfanin TCN mai kula da manyan layuka ya ce an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan kuma da ake ratso mana da wuta ta kansa, na Ugwuaji zuwa Apir, shi ma ya faɗi ranar 21 ga wata. A unguwa ƙanƙara sai wane da wane, cajin waya sai an bi layi, 'yan garuwa sun ƙara wa jarka kuɗi tunda masu burtsatse da fetur suke jawo ruwan.

Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta kuɗin da aikin sola zai ci da wanda zai mayar, saboda duk wanda na tambaya cikin waɗanda suka saka, amsarsa ɗaya ce: "Ai hutu ne." Hutu na sani. Lissafi nake nema.

Ga halin gidan: ni da uwargida da yara, sai Hajiya a sashenta. Uwargida tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, firiza biyu gare ta. Akwai rijiyar burtsatse da tanki a sama. Janaretanmu yana shan kimanin lita guda a awa, muna kunna shi wajen awa biyar a yini ko da ana kawo wuta jefi-jefi, don ba ma cikin layin da ake kira Band A, na waɗanda aka fi ba wuta kuma suka fi biya da tsada. Fetur ya haura naira 1,000. Kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, bai kai naira 200 ba. Wato yanzu abin da muke ƙonawa a wata ya fi naira 150,000, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin mai gyara. Ribar firiza biyu kusan duk a tankin janareta take ƙarewa.

3 Nuwamba

An dawo da wuta, amma ban fasa ba. Wani ɗan unguwarmu da ya koyi haɗa sola, wanda kowa ke kira Injiniya, ya zo ya ƙi yi mini farashi sai mun zaga gidan tukuna. Ya ce, "Yallaɓai, kada ka faɗa mini nawa gare ka, ka nuna mini me kake kunnawa, kuma da ƙarfe nawa."

Muka bi ɗaki ɗaki yana karanta takardar da ke manne a jikin kowane abu. Fankar sama biyar, kowace wat 70 zuwa 75. Firiza kowace ƙasa da wat 200 idan tana aiki, amma lokacin tashi tana fizgar ninkin haka sau da yawa na ɗan daƙiƙoƙi. Injin jawo ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, a takarda wat 750, a aiki ya fi haka. Dutsen guga wat 1,200. Ƙwayayen fitila da talabijin da cajin waya duk a haɗe ba su kai fanka uku ba.

Sai ya ja layi a tsakiyar takardar: aikin rana a hannun dama, aikin dare a hagu. Ya ce na dama farantin sola da ke kan rufi ne zai biya shi, na hagu kuwa batir, kuma duk abin da za a iya kwashewa daga hagu a mayar dama a kwashe. Da muka gama, abin da ya rage a hagu fanka ce da fitila da talabijin. Jimillar buƙatar gidan a yini ta kama yunit 11 zuwa 12, na dare kimanin 4 (yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda, irin wanda mita ke ƙirgawa).

12 Nuwamba

Na shiga kasuwa. Sola ba baƙuwa ba ce a Kano: tun 2018 aka saka wa shagunan kasuwar Sabon Gari ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara, REA, Jami'ar Bayero ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, ga ta megawat 10 a Kumbotso da Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Amma yadda kayan suka cika shaguna yanzu, har masu sayar da fanka da rediyo sun koma sayar da faranti, wannan bayan tsadar mai ne.

Farashin da na tsaya a kai bayan ciniki: faranti mai wat 550 guda shida, kowanne naira 135,000, ya kama 810,000. Inbata mai 5kVA, ta bolt 48, wadda ke iya haɗa rana da batir da wutar gwamnati, naira 620,000. Waya da bireka da ƙarafan ɗaurawa da na'urar kare tsawa, kimanin 260,000. Kuɗin aiki 120,000. Komai da dala ake auna shi, dalar kuma ta wuce naira 1,600, shi ya sa mai shago ke ce maka farashin na yau ne kaɗai.

Batir ne ya ɗauke mini lokaci. Zaɓi biyu ne. Batirin ruwa, dogayen nan masu bolt 12 da am 220, sai an jera huɗu kafin su kai bolt 48, kowanne naira 290,000, jimilla 1,160,000. A takarda suna riƙe yunit goma da ɗoriya, amma idan kana so su yi ƙarko rabi kawai za ka riƙa ci. Suna buƙatar a riƙa ƙara musu tataccen ruwa, kuma a zafin garin nan wanda ya samu shekara uku ya gode wa Allah. Na litiyom kuwa guda ɗaya ne, yunit 5.12, naira 1,450,000, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa kullum ba tare da ya ji jiki ba. Masu ƙera shi suna rubuta a kwali cewa zai ɗauki caji sau 6,000 kafin ya gaji. Ni na yi lissafina da rabin haka, don a ɗaki mai sanyi suka gwada shi. Ko da rabin, zai binne batirin ruwa zubi biyu ko uku. Shi na ɗauka.

Injiniya bai bari an ɗora ko faranti ɗaya a mota ba sai da ya fito da kowanne rana ya sa masa mita. A wani shago da muka fara shiga, farantin da aka manna wa takardar wat 500 girmansa ma bai kai ba. Takarda ba ta da tsada, kowa zai iya bugawa. Batirin ma ya sa an kunna allonsa mun ga adadin cajin da ya taɓa yi, don akwai waɗanda ake cusa wa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati.

Jimilla naira 3,260,000. Kwasar adashin uwargida, da ɗan abin da na tara, da rancen da yayana ya ba ni ba ruwa.

24 Nuwamba

Jiya aka haɗa. Tun da sassafe Injiniya ya hau rufi shi da yaransa biyu, don kwano in ya yi zafi ba ya takuwa. Ya fuskantar da farantan kudu, ya ɗan jingina su kimanin digiri 12, daidai da inda Kano take daga tsakiyar duniya. Ya bar tazarar da hannu zai shiga tsakaninsu da kwano don iska ta riƙa ratsawa.

Wurin da na nuna masa ya ƙi. Ya ce in dubi tankin ruwa, da misalin ƙarfe uku inuwarsa za ta faɗo kan faranti na ƙarshe, kuma tunda duk shidan a jere suke a waya ɗaya, wanda inuwa ta kama zai ja sauran baya. Muka matsa gabas. Reshen darbejiyar maƙwabci ma sai da na je na nemi izini aka sare shi. Malam bai yi musu ba, cewa ya yi dama yana zubar masa da ganye a indararo.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne jin cewa wayar da ke saukowa daga rufi tana ɗauke da bolt kusan 300. Muddin akwai rana, akwai wuta a cikinta, ko an kashe komai a ƙasa. An sa ta cikin bututu, an sa mata bireka tata ta daban, an kafa sandar ƙarfe a ƙasa an zuba gawayi da gishiri. Inbata da batir a lungun da ke ƙarƙashin bene, inda ya fi ko'ina sanyi, nesa da kicin.

Wajen azahar aka kunna. Allon inbata ya nuna wat 2,400 na shigowa daga cikin 3,300 da ke rubuce. Na ce ina sauran? Injiniya ya yi dariya ya ce wancan adadi na ɗakin gwaji ne, a nan in ka samu kashi uku cikin huɗu ka samu. Hajiya ta leƙo tana tambaya an kawo wuta ne, ta ga fanka na juyawa ba ta ji ƙarar inji ba.

15 Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Abin da farantan ke bayarwa ya riƙa raguwa a hankali har ya koma ƙasa da yunit 10 a yini, alhali a makon farko yana kai 13. Hazo na da nasa kason, ba yadda za a yi da shi. Ƙurar da ta kwanta a kan gilashin kuwa ta fi yawa. Babban yarona ya hau da bokiti da tsumma mai laushi a kan sanda, bayan sallar asuba, kafin gilashi ya ɗau zafi, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Ba omo, ba soson ƙarfe. Washegari muka koma 12.

Yanzu ya zama aikinsa duk mako har ƙura ta wuce. Na yanka masa ɗan abin kati. Wannan ma kuɗin sola ne, na rubuta shi.

19 Janairu, 2025

Na zauna na raba kuɗin kowane yunit, kuma wannan lissafi ne ya sauya yadda muke tafiyar da gidan.

Faranti shida naira 810,000. Idan suna ba da yunit 12 a yini kuma suka yi shekara 20, ana maganar yunit sama da 80,000. Kowane yunit bai wuce naira 10 ba. Ko na ɗora kuɗin waya da aiki, na kuma ɗauka inbata za ta mutu sau biyu a sake saye, da ƙyar ya kai naira 40. Wannan shi ne yunit ɗin rana, wanda ya fito daga rufi ya shiga firiza kai tsaye.

Wanda ya fara kwana a batir kuwa daban yake. Naira 1,450,000 a raba da yunit 4 sau caji 3,000, ya kama naira 120 a kan kowane yunit, kafin a ƙara kuɗin samar da shi da abin da ke salwanta wajen shiga da fita. A ce naira 170. Bai yi nisa da abin da 'yan Band A ke biya ba, tunda hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai nasu naira 225 a Afrilun 2024 kafin ya dawo 209.5. Janareta kuma, lita guda ba ta ba ni fiye da yunit ɗaya da rabi a irin nauyin da muke ɗora masa, wato wajen naira 700.

Arba'in, ɗari da saba'in, ɗari bakwai. Gida ɗaya, soket ɗaya, bambancin kawai ƙarfe nawa aka kunna. Masu cewa sola tsada gare ta, da batir suke. Masu cewa kyauta ce, da rana suke. Wanda ya sayi sola ya ci gaba da rayuwa yadda ya saba da wutar gwamnati, guga da dare, jawo ruwa da magariba, to batir zai yi ta saye.

Ga yadda muka tsara. Firiza biyu suna tashi da ƙarfe takwas da rabi, su yi ta aiki har biyar na yamma, sannan a kashe. Kafin lokacin ƙanƙarar ta yi tauri, kuma ita da kanta take riƙe sanyin har gari ya waye, muddin ba a yi ta buɗe murfi ba. Uwargida ta jera manyan robobin ruwa a ƙasan kowace, waɗanda ba na sayarwa ba ne, aikinsu kawai su daskare da rana su tsare sanyi da dare. Ta kuma lulluɓe murfin da tsohon bargo. Jawo ruwa ƙarfe goma sha ɗaya. Guga bayan azahar. Tankin da ke sama da ƙanƙarar da ke cikin firiza, su ma rumbu ne da ake zuba rana a ciki, kuma ba wanda ya kai naira miliyan.

Da farko uwargida ba ta so kashe firizar da dare ba. Ta ce, "Malam, in kunun nan ya yi tsami kai za ka biya." Muka gwada da firizar ƙanƙara kaɗai na kwana biyu-uku. Da ta ga da safe ledojin suna nan kamar yadda ta bar su, ita ta fara kashe ta biyun. Kunun aya dai ba ya kwana a gidan nan ko da wuta, don ba ya jure ajiya.

9 Fabrairu

Inbata ta yi ƙara ta ɗauke wuta da hantsi. Injin ruwa ne ya tashi daidai lokacin da dutsen guga ke jone, firiza ɗaya ma ta zo tashi. Injiniya ya ce ba abin da ya lalace, kare kanta ta yi. An liƙa takarda a jikin makunnin injin ruwa: a tambaya ko ana guga.

Ya kuma nuna mini wani abu a allon. Ita kanta inbatar tana cin wajen wat 50 ko ba a kunna komai ba. Daga magariba zuwa safiya ya fi rabin yunit, daga cikin huɗun da nake da su. Ba wanda ke faɗa maka wannan a shago.

16 Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, zafi kuma ya shigo da ƙarfinsa. Mutane suna ɗauka zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne. Zafi ragewa yake yi: duk digiri ɗaya da gilashin ya haura 25, faranti na rasa kimanin kashi ɗaya cikin uku na kashi ɗaya cikin ɗari. Da tsakar rana a irin wannan lokaci gilashin na iya kai 65, wato wajen kashi 13 ya tafi. Sanyin Disamba, in an wanke ƙura, ya fi wannan ƙarfin wuta da tsakar rana. Abin da ya cece mu yinin ya ɗan ƙara tsawo, hazo kuma ya ragu.

Kasuwar ƙanƙara kuwa ba a magana. Tun la'asar yara ke tsayawa a zaure da kula da bokiti. Bara a irin wannan lokaci mai ya cinye ribar, kuma in wuta ta yi ƙasa ƙanƙarar ba ta kamawa, sai ruwan sanyi a sayar da arha. Bana kullum firiza biyu suna fitowa a daskare. Uwargida ta ƙi ƙara farashi kamar na masu janareta, ta ce wata ne na neman lada, kuma duk da haka abin da ta ajiye a mako biyun nan ya fi na azumin bara gaba ɗaya. Ta fara mayar wa yayana da kuɗinsa daga ciki.

Matsalar dare ce. Fanka biyar suna juyawa tun shan ruwa, ga fitilu har bayan tarawihi, ga tashin sahur. Wajen ƙarfe uku batir yake kaiwa inda aka tsayar masa, ya ɗauke. In akwai wutar gwamnati inbata ta koma kanta ba wanda zai sani. In babu, Hajiya ce ke fara fitowa tsakar gida da mafici. Dare biyu na ta da janareta saboda ita.

Kowa shawararsa ɗaya: ƙara batir. Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da hamsin. Ban yanke ba tukuna.

13 Afrilu

Ban sayi batir ba, fanka na canza. Akwai sabbin fankokin sama masu cin wat 30 zuwa 35 a maimakon 75, iskar kuma ba ta ragu ba. Biyar sun kama ni naira 300,000 har da ɗaurawa. Ragin wat 40 sau biyar sau awa goma, yunit biyu ke nan kowane dare, rabin abin da batirin ke bayarwa. Tun da aka ɗaura su, batir yana kai mu safiya da saura. Tsofaffin na ba makarantar allon unguwa uku, biyu na sayar.

A ƙarshen Maris aka ji ministan kimiyya da fasaha, Uche Nnaji, yana maganar gwamnati za ta hana shigo da farantan sola don a ƙarfafa na cikin gida. Ko kafin a ga wata doka, wasu masu shago sun fara ɗaga murya da farashi. Ni ra'ayina, a fara ƙera mai kyau mai arha a gida, mutane da kansu za su bar na waje. Amma a toshe wa mai firiza biyu hanya alhali ba a ba shi wuta ba, wannan ba gyara ba ne.

Saboda wannan magana na yi sauri na ƙara faranti biyu, iri ɗaya da na farko, a naira 120,000 kowanne, ya ma fi na Nuwamba sauƙi. Injiniya ya duba iyakar bolt da inbata ke ɗauka kafin ya yarda: takwas a jere sun kai wajen 400, tana ɗaukar 500, kuma dole a bar rata don da sanyin asuba bolt ɗin hawa yake yi. Ya ce na tara ba zai shiga ba sai an sake tsari.

4 Mayu

Labarin da ake ta yi a majalisar unguwa shi ne naira biliyan 10 da aka ware a kasafin bana don saka sola a fadar shugaban ƙasa. Wani dattijo a masallaci ya ce to in mai gidan ma ya bar layin, mu me muke jira.

Da faranti takwas, batir yana cika kafin azahar, daga nan allon sai ya nuna wutar da ke shigowa ta faɗi, ba don rana ta ragu ba, sai don ba inda za a zuba ta. Wutar da ba a ci ba asara ce, ba ni kuma da hanyar tura ta layi a biya ni. Sai muka nemo mata aiki. An fitar da famfo ta bango zuwa waje, 'yan garuwa suna cika kura daga sha biyu zuwa uku suna biya. Masu ɗiban na sha a bokiti ba a karɓar ko sisi, sharaɗin Hajiya ne. Ina sa ido a kan rijiyar, don a ƙarshen rani ruwa ƙasa yake yi, kuma injin in ya juya ba ruwa ƙonewa zai yi. In ruwan ya fara zuwa da iska a tsaya.

Maƙwabcina ya nemi in ja masa waya. Na ce masa da rana bismilla, ƙaramin firjinsa da cajin waya, ba sai ya biya ba. Da dare kuwa ba ni da ita. Mun sa bireka ƙarama da ake kashewa da la'asar sakaliya. Ya fahimta, ko da yake na ga alamar ya so a ce har fanka.

8 Yuni

Iskar farkon damina ta yaye kwanon gidaje a layinmu. Da gari ya waye muka hau, farantan suna nan, ƙusa biyu ne suka yi sako-sako aka ɗaure. Inda ƙarfen ya huda kwano an sake shafa abin toshe yoyo. Wani a bayan layi da aka ɗaure wa nasa da wayar ƙarfe kawai, ɗaya a gidan maƙwabta aka tsinto shi a farfashe.

Ruwan sama ya karɓi aikin wanki, yarona ya rasa kuɗin katinsa. A watannin nan rana da tsaka ta ɗan karkata arewa da mu, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta, amma da yake jinginar farantan kaɗan ce ban ga wani ragi ba.

Sallar layya ta kama Juma'a, 6 ga wata. Firiza ɗaya an kwashe ƙanƙara an cika ta da nama, namu da na 'yan uwa. Nama ba ƙanƙara ba ne, ba a yi masa ganganci: wannan makon an bar ta a kunne dare da rana, talabijin ce ta haƙura.

17 Agusta

Marka. Akwai ranakun da ba a ga rana ba sam, farantan suka ba da yunit 4 ko 5 kacal. A irin wannan yini firiza ɗaya ake kunnawa, ba guga, ruwa kuma dama ga shi daga sama. Sauƙin abin, fanka ba ta da aiki sosai, ƙanƙara ma kasuwarta ta faɗi, wato buƙata da samu tare suka sauka. Janareta ya yi aiki 'yan lokuta. Shi ya sa ban sayar da shi ba, kuma ina ta da shi lokaci lokaci ko ba buƙata don kada mai ya daskare masa a kafireto.

Lissafi zuwa yau. Abin da aka kashe: 3,260,000 na farko, 300,000 na fanka, 240,000 na ƙarin faranti, da wajen 60,000 na ƙarafa da ƙananan abubuwa. Jimilla naira 3,860,000.

Abin da ya dawo sai an yi hattara wajen ƙirga shi. Allon inbata yana nuna duk yunit ɗin da aka samar, kuma da zan ninka shi da naira 700 na janareta da na ce kuɗina sun kusa fita. Yaudarar kai ce, domin da can ba ma kunna janareta yini guda, haƙuri muke yi. Abin da zan ƙirga shi ne kuɗin da da sun fita daga aljihu amma ba su fita ba. Fetur ma ya sauko ƙasa da naira 1,000 tun bayan da matatar Dangote ta riƙa rage farashi a bana, wannan ya rage girman ribar a takarda. Da lita biyar a yini a kan naira 900, da na kashe 135,000 a wata. Yanzu a tsakaice bai wuce 15,000 ba. Baƙin mai da gyara sun ragu da wajen 12,000, katin mita da wajen 10,000. A ce 140,000 a wata. A wata tara ya kama 1,260,000, kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙarin ribar ƙanƙara da kuɗin 'yan garuwa uwargida ce ke riƙe da littafinsu, kuma daga nan aka biya fiye da rabin bashin yayana. In abubuwa suka tafi haka, kuɗin za su fita cikin shekara biyu da 'yan watanni daga ranar haɗawa.

Na fara ware naira 20,000 duk wata a gefe da sunan batir da inbata, don ranar da ɗayansu zai tsaya ba sallama zai yi ba. Allon batirin har yanzu yana nuna lafiyarsa ba ta taɓu ba, amma bazara ɗaya kawai ya gani.

Abin da ke gaba: uwargida tana son firiza ta uku kafin azumi mai zuwa, wanda zai faɗo a Fabrairu, cikin ƙura. Wutar rana za ta ɗauke ta, tashinta ne abin dubawa, don haka Injiniya ya ce a nemi irin mai tashi a hankali, kuma zai zo ya auna abin da ukun za su ja tare kafin a biya kuɗi. Sai ƙaramar fankar da za a sa a lungun batir kafin Maris, da tsani na ƙarfe mai kyau, domin wanda yaron ke hawa da shi na aro ne kuma ƙafarsa ɗaya ta fara rawa.